BAKIN RUWA MAI TAFIYA



Ƙasarmu ta Nijar ba ta da teku. Mutum ya tashi daga Yamai ya bi hanya har Ngigmi, kusan kilomita 1,500, ba zai ga teku ba ko daga nesa. Waɗanda suka taɓa ganinsa cikinmu ba su da yawa: alhazan da suka hangi Bahar Maliya a Jidda, da ƴan ci-rani da suka sauka Ikko, Kwatano ko Abijan. Su ne kan komo su ba mu labari. Su ce ruwa ne wanda ido ba ya ganin ƙarshensa, ba ya shayuwa don gishiri, kuma dare da rana ba ya yin shiru.

A waɗansu ƙasashe mutane kan tara kuɗi shekara guda, su shiga jirgin sama, don kawai su je su zauna bisa rairayin bakin teku su yi ta kallon ruwa. Manomin da ke jiran damina zai ce wannan aikin marasa aiki ne. Da gaskiyarsa. Amma akwai wuraren da in ka ji labarinsu, kai ma za ka so ka gani da idonka. Za mu kawo muku kaɗan daga cikinsu. Sa'an nan mu komo gida, jahar Difa, don mu ma muna da bakin ruwa a Baruwa, Boso da Ngigmi. A ganinmu bai kasa na kowa ban mamaki ba. Na sauran mutane, inda ka bar shi bara nan za ka tarar da shi bana. Namu kuwa tashi yake yi ya yi tafiya.

RAIRAYI BAƘI KAMAR GAWAYI

Mu fara da maƙwabta. A kudancin ƙasar Kamaru akwai wani gari bakin teku mai suna Limbe. Rairayin wurin baƙi ne ƙirin. Baƙo kan ɗauka gobara aka yi. Dalilin shi ne wani babban dutse da ke bayan garin, Dutsen Kamaru, wanda tsayinsa ya ɗara mita 4,000. Dutse ne mai aman wuta. Lokaci-lokaci yakan fashe, narkakken dutse ya malalo daga cikinsa kamar dalma a maƙera. In ya huce sai ya daskare ya yi baƙi. Raƙuman ruwa su yi ta dukansa shekara da shekaru har ya niƙe ya zama rairayi. A shekarar 1999 dutsen ya yi aman da ya gangaro har ya tare hanyar mota ta bakin teku.

Ga abin da zai fi ba manomin Manga mamaki. Kusa da nan akwai ƙauyen Debunca, inda ruwan sama kan kai milimita 10,000 cikin shekara guda. A Difa wajen 300 ake samu. Watau damina ɗaya tasu ta fi damina 30 tamu.

Akwai kuma rairayi kore a tsibirin Hawai, cikin ƙasar Amurka. Shi ma daga dutse mai aman wuta ya fito. Ba za mu daɗe a kansa ba, don kallo kaɗai ake yi, ba ya ciyar da kowa.

GARIN DA KE BISA ƘUMBA

Wanda ya taɓa tona lakar Komadugu ya san ƙumba. To, a ƙasar Senegal akwai gari guda wanda ƙasarsa duk ɓawon ƙumba ce. Sunansa Fadiyut, wajen kilomita 110 kudu da Dakar. Tsibiri ne, watau ruwa ya kewaye shi. Shekaru ɗaruruwa matan wurin na shiga ruwa in ya janye, su tsinto ƙumba, su dafa, su cire naman, su zubar da ɓawon wuri guda. Yau da gobe juji ya zama tudu, tudu ya zama gari. In kana tafiya cikin lungunansa za ka riƙa jin ƙaras-ƙaras ƙarƙashin takalminka. Har cikin ginin ɗakuna sukan cuɗa ɓawon. Mota ba ta shiga. Da ƙafa ake ƙetarawa, ta wata doguwar gada ta katako daga garin Jowal, mahaifar Senghor, shugaban Senegal na farko.

Mutanen Fadiyut manoman gero ne kamar mu, gonakinsu na can tudu. Da can sukan kafa rumbunansu bisa turaku a cikin ruwa, nesa da gidaje, don kada gobara ko ɓera su kai ga hatsi. In mai gida zai fid da awo, sai ya shiga kwalekwale ya je rumbunsa. Yanzu an bar wannan dabara, rumbunan da suka rage baƙi ake nuna wa. Abu na biyu da ake zuwa gani shi ne maƙabarta. Yawancin mutanen garin Kirista ne, akwai Musulmi kuma cikinsu, amma a tudu guda suke binne mamatansu, tudun ƙumba mai itatuwan kuka.

TABKI MAI LAUNIN ZOƁO

Muna dai cikin Senegal. Wajen kilomita 35 daga Dakar akwai tabkin Retba. Wani siririn tudun rairayi ne ya raba shi da teku. Da rani, in rana ta take, ruwansa kan yi ja-ja kamar zoɓon da aka sirka. Waɗansu ƙananan tsirrai ne masu son gishiri, waɗanda ido ba ya gani, ke ba shi launin. Gishirinsa ya kusa ninka na teku sau 10. Mutum ya kwanta bisa ruwan ba ya nutsewa.

Mutanen wurin ba kallo ya kai su ba. Maza kan shafe jikinsu da man kaɗe don kada gishiri ya ci musu fata. Su shiga ruwa har ƙirji, su farfasa gishirin da ya daskare a ƙasa da sanda, su loda cikin kwalekwale. Mata su kwashe a daro su tara tsibi-tsibi a gaɓa. Wanda ya san aikin Bilma, ko na masu dafa mangul a kwarurukan Manga, ya san wahalar gishiri ɗaya ce ko'ina. Tseren motocin nan na Paris-Dakar, da ya riƙa ratsa Agadas da Tenere cikin shekarun 1980, a bakin wannan tabki ya riƙa ƙarewa. A daminar 2022 ambaliya ta kwarara cikinsa, ta sirka gishirin, jan ya ɓace, ruwa ya koma kore. Masu haƙar gishiri da masu kai baƙi yawo duk sun ji a jikinsu.

INDA KUƊIN KAKANNINMU SUKA FITO

Tsofaffi sun san wuri. Kafin tamma da dala, da wuri ake ciniki a Kano, Katsina da Damagaram. Kalmar nan ta kuɗi ma, asalinta wuri ne in ya yi yawa. Wani Bajamushe matafiyi mai suna Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya tarar a Kano a 1851 ana canjin riyal guda na azurfa da wuri 2,500. To, daga ina wuri ya fito? Babu shi a tabki, babu shi a kogi.

Ƙaramin wurin nan fari mai kyau, daga tsibiran Maldib ya zo, can tsakiyar Tekun Indiya. Ƙananan tsibirai ne kusan 1,200, mutanensu Musulmi. Wuri halitta ce mai rai, dangin katantanwa. Mutanen kan jefa ganyen kwakwa cikin ruwa marar zurfi, wuri ya hau ya manne. Su jawo ganyen, su shanya bisa rairayi har naman ya ruɓe ya bar ɓawo. Jiragen ruwa su kwashe su kawo gaɓar Afirka ta Yamma, fatake su hauro da shi arewa bisa jakai. Wani kuma ta hamada ya biyo. Ibn Batuta, matafiyin nan na Maroko, ya yi alƙalanci a Maldib wajen 1343. Bayan kamar shekara 10 ya zo ƙasar Mali da Gawo, ya tarar ana saye da sayarwa da wurin da ya baro a can. Ka ji nisan tafiya. Sadakin kakar kakarka, wataƙila bisa wannan rairayi aka shanya shi.

A waɗansu darare masu duhu bakin ruwan Maldib kan yi ƙyalli shuɗi, sai ka ce an zuba taurari a ƙasa. Ƙananan halittu ne cikin ruwa masu ba da haske in an motsa su. Amma mutanen wurin na cikin zullumi. Yawancin ƙasarsu ba ta fi mita ɗaya da rabi bisa ruwa ba, teku kuwa na ƙaruwa kaɗan-kaɗan saboda ɗumamar duniya.

TUMAKIN BAKIN TEKU

Makiyaya, ga naku. A arewacin Faransa akwai wurin da ake kira Mon-San-Mishel. Teku dai a yawancin wurare yakan janye sau 2 kowace rana, ya sake cikowa sau 2. Wata ne ke jansa. Amma a nan abin ya yi yawa. Wajen tsayuwar wata, da lokacin da ya cika, ruwa kan ja da baya har kilomita 15, ya bar fili fetal. Bayan awa 6 ya komo da sauri. Baƙon da ya shiga ba jagora yana iya halaka. A gefen filin akwai ciyawa mai gishiri wadda ruwa ke rufewa lokaci-lokaci. Nan ake kiwon tumaki. Ba a kai su lasar gishiri irin ta Ingal, gishirin na cikin ciyawar da suke ci. Namansu ya fi na sauran tsada a kasuwa. Makiyayin wurin ya san lokacin ruwa, kafin ya iso ya kora garkensa tudu.

Ku riƙe wannan, don shi ya fi kama da namu. Su ruwansu ya tafi ya komo cikin yini guda. Namu tafiyar shekara yake yi, wani lokaci ma tafiyar shekara 20.

MU KOMO BARUWA

Baruwa na cikin karkarar Boso, arewa da inda Komadugu ke zuba cikin Tabkin Cadi. Tsohon gari ne. Ayarin da kan taso daga Bilma zuwa Kukawa ta Ngigmi yake bi, ya ratsa Baruwa, ya ƙetare Komadugu a Yo. Turawan Ingila, Denham da Clapperton, ta nan suka bi a 1823. Barth ma ya bi a 1851 da 1855, ya kuma rubuta cewa a Baruwa matafiya ke sayen busasshen kifi su tafi da shi Kawar. Watau tun can garin daga ruwa yake ci.

Amma in baƙo ya ce a nuna masa bakin tabki, sai an tambaye shi: na wace shekara?

A 1963 faɗin tabkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Ruwa na gab da Ngigmi, Baruwa da Boso. Sai fari ya zo. A 1973 ruwa ya ragu har tabkin ya rabu biyu, kwarin kudu da kwarin arewa. A 1975 na arewa, watau namu, ya ƙafe. Cikin shekarun 1980, balle bayan farin 1984, an yi shekaru a jere tabki bai leƙo ƙasar Nijar ba. Yaran Ngigmi na lokacin sun tashi suna jin sunansa ba su san kamarsa ba. Inda iyayensu ke jefa taru ya zama hanyar raƙuma da motoci. Daga ƙarshen shekarun 1990 ruwa ya fara komowa, wata shekara da yawa, wata shekara kaɗan. Kuma ba a zamaninmu aka fara ba. Wani sojan Faransa mai awon ƙasa, Tilho, ya tarar da arewacin tabkin a bushe a 1908. Cikin shekarun 1950 ga shi ya cika maƙil.

Me ke kawo haka? Da farko, tabkin ba shi da zurfi. Kamar faranti yake, ba kamar rijiya ba. A wurare da yawa bai shanye tsayin mutum ba. Don haka in ruwa ya ragu kamu ɗaya, gaɓa kan ja baya kilomita da yawa. Rana da iska kuwa na shanye wajen mita 2 na ruwansa kowace shekara.

Sa'an nan ruwan ba na daminarmu ba ne. Kashi 9 cikin 10 daga kogin Shari da na Logon yake zuwa. Su kuwa daga Afirka ta Tsakiya, kudancin Cadi da tuddan Adamawa na Kamaru suke tasowa. Abin da Komadugu ke zubawa kaɗan ne ƙwarai. Bayan haka akwai wani dogon tudu a tsakiyar tabkin, daga Baga ta Nijeriya zuwa Baga Sola ta Cadi, ciyawa ta cika shi. Sai kwarin kudu ya ƙoshi sa'an nan ruwa ke tsallakowa wajenmu. Mai lambu ya san wannan: sai fangalin farko ya cika ake fasa wa na biyu.

Shi ya sa ruwa ba da damina yake iso mana ba. Wanda aka yi can kudu cikin watan Agusta yakan yi watanni yana tafe. Sai cikin sanyin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ko'ina ya bushe, tabki ke rarrafowa shiru, ba hadari ba tsawa. Mutum ya kwana a busasshen wuri, ya wayi gari da ruwa bakin bukkarsa.

Ga kuma wani abin. Tabkin ba shi da mafita zuwa teku, amma ruwansa na shayuwa, mutum da dabba duk su sha. Masana sun ce gishirin na bin ruwa ya nutse ƙarƙashin ƙasa. Shi ne ke ɓullowa a matsayin kanwa cikin kwarurukan Kanem.

Wanda ya zo kallo ba zai rasa abin gani ba. Akwai shanun Kuri, farare, masu ƙahoni kumburarru kamar gora. Iyo suke yi daga tsibiri zuwa tsibiri, Buduma na biye da su, kai da ƙaho kaɗai ake hange bisa ruwa. Akwai tsibiran ciyawa da iska ke turawa, yau nan gobe can. Akwai tsuntsayen da ke gudo sanyin Turai su yi hunturu wajenmu. Akwai kuma dajin da ya mutu a tsaye. Lokacin da tabki ya ƙafe, wani icce mai ƙaya da ma'aikatan gandun daji ke kira Prosopis ya mamaye kwarin. Da ruwa ya komo ya shanye gindinsa sai ya bushe. Masu kwalekwale sai da suka sare hanyoyi cikinsa, iccen kuma ya zama makamashin banda.

ƘASA GUDA, SANA'A UKU

A wuri guda, cikin shekara guda, mutum uku ke ci. In ruwa ya rufe, masunci ya kama tarwaɗa da karfasa, ya yi banda, a kai Baga da Maiduguri har kudancin Nijeriya. In ruwa ya janye, manomi ya bi danshi ya shuka masara da wake, ba ruwan sama, ba taki. Gefensa ciyawa ta tsiro, Bafulatani, Balarabe da Buduma su kawo dabbobi. Sau da yawa ma mutum ɗaya ne ke yin biyu ko duka ukun. Shekarar ruwa ya ɗauki taru, shekarar janyewa ya ɗauki hauya.

Nan kuma rigima take. Gonar tudu tana da iyaka, kowa ya san iccen da ya raba shi da maƙwabcinsa. Gonar tabki fa? Bara tana ƙarƙashin ruwa, bana ta fito, baɗi ba a sani ba. Wa ke da ita? Wanda ya fara sharewa, ko wanda kakansa ya yi su a wurin? Ta ina shanu za su bi su sha, in masara ta tare gaɓa? Bulama da lawan ne ke raba wannan tun da. Dokar karkara ta 1993 ta ƙara da kwamitocin filaye, waɗanda ake kira Kofo, inda manomi da makiyayi ke da wakilai. Shawararmu ita ce a zauna a fid da burtali tun ruwa bai gama janyewa ba, kafin kowa ya sa iri a ƙasa. In an riga an shuka, maganar ta yi wuya.

Har gwamnatoci ma tafiyar nan ta ruɗa. Cikin shekarun 1980 masunta da manoma daga Nijeriya suka yi ta bin ruwa gabas, suka kafa garuruwa wajen Darak. Ashe sun shiga ƙasar Kamaru. Sai da kotun duniya ta yi hukunci a 2002, aka miƙa wurin a ƙarshen 2003. A Marte kuwa, kudu da mu, an haƙa babbar hanyar ruwa cikin shekarun 1970 don noman alkama da shinkafa. Aiki ya fara ke nan tabki ya janye, ya bar bakin hanyar a bushe.

JIRAGE BISA RAIRAYI

Akwai wani wuri da mutane ke zuwa gani, amma ba don kyau ba. Sunansa Muynak, cikin ƙasar Uzbekistan. A 1960 gari ne na masunta bakin Tabkin Aral, wanda faɗinsa ya kusa ninka Tabkin Cadi na lokacin sau 3. Hukuma ta karkatar da koguna biyu da ke ciyar da shi don noman auduga. Ruwa ya yi ta ja baya. Yau manyan jiragen kamun kifi na nan zube bisa rairayi sun yi tsatsa, ruwa kuwa ya yi musu nisan fiye da kilomita 100. Iska na kwasar gishirin ƙasa tana watsa wa mutane da gonaki. A gefen arewa, ƙasar Kazakistan ta gama wata madatsa a 2005, ruwa da kifi suka komo wannan ɓangare kaɗai.

Namu ba haka ba ne. Fari ne ya fi janye Tabkin Cadi, kuma in an yi damina a kudu yana komowa. Hotunan da ake ɗauka daga sama sun nuna tun shekarun 1990 bai ci gaba da raguwa ba. Amma Komadugu hannun mutum ya taɓa shi. Ruwansa daga kogin Haɗeja da na Jama'are yake. An gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, dukansu a ƙasar Kano, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa wajen Nguru. Abin da aka yi a can, mai tattasai a Difa da Geskeru ne ke gani a lambunsa. Don irin wannan ne Nijar, Nijeriya, Cadi da Kamaru suka kafa hukumar kula da Tabkin Cadi tun 1964. An daɗe ana maganar jawo ruwa daga yankin kogin Kwango, har an yi babban taro a kanta a Abuja a 2018, amma ba a haƙa ba.

Bakin Komadugu shi ma abin kallo ne. Ruwa kan iso Difa wajen watan Yuli, ya cika a Nuwamba da Disamba. Goruba na tsaye gefe, injinan ban ruwa na ta kuka, in an shanya tattasai ƙasa ta yi ja wur. Da bazara kogin ya yanke ya bar gurabe da farin rairayi, har yaro ya taka da ƙafa ya ƙetare. Shekarar da ya yi fushi kuwa, kamar 2019 da 2022, ya ci lambuna da gidaje.

SHEKARUN DA AKA BAR GAƁA

Ba za mu ɓoye muku ba, ba fari kaɗai ya raba mutane da bakin tabki ba. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 ƴan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa. A watan Mayu hukuma ta ce mutanen tsibirai su fito. Cikin wannan shekara Baruwa ma ta watse. Aka hana su, aka hana cinikin kifi da tattasai, aka hana hawan babur. Masu shanun Kuri suka fito da su tudu, inda ba su saba ba. Sai a 2019 aka sake buɗe su. A watan Yuni na 2021 kusan mutum 6,000 suka koma Baruwa cikin manyan motoci da rakiyar soja. Shi ne garin farko da aka maida mutanensa. Sun tarar da gidaje a rushe. A watan Agusta na shekarar aka kai hari kan sojojin da ke tsaron garin, 16 suka rasu.

Don haka ba mu ce kowa ya ɗauki jaka ya nufi tabki ba. Mai niyya ya fara tambayar hukuma da mutanen wurin.

TSOHON BAKIN RUWA

Akwai dai bakin ruwan da za ka gani ba ka jiƙa ƙafa ba. Wajen shekara 7,000 da suka wuce, Tabkin Cadi ya kai murabba'in kilomita 350,000, ya ninka jahar Difa duka fiye da sau 2. Inda garin Difa yake yau ƙarƙashin ruwa yake. Raƙuman wannan ruwa sun tara dogon tudun rairayi a gefensa. Shi ne tudun da ya bi ta Bama da Maiduguri. Shi ne kuma ya ɓullo wajen Tal, kusa da Ngigmi, inda fararen tuddan nan suke. Makiyayin da ya hau can ya dubi gabas, a tsohuwar gaɓa yake tsaye. Hazon hunturu ma da ke shiga mana ido, mafi yawansa ƙurar busasshen gindin wannan tabki ce, iska ke kwaso ta daga Bodele, arewacin Cadi.

Mutanen wancan zamani ma sun shiga ruwa. A 1987 wani Bafulatani makiyayi na haƙar rijiya a Dufuna, kusa da Komadugu Gana cikin jahar Yobe ta yau. Ya kai wajen mita 5 sai ya ci karo da icce mai tauri. Bai farfasa ya yi makamashi ba, ya je ya gaya wa mai gari. Masana suka zo, a 1994 suka fid da shi. Ashe kwalekwale ne, icce guda aka fafe, tsawonsa ya ɗara mita 8. Da aka auna shekarunsa aka samu wajen 8,000. Babu wanda ya girme shi cikin duk kwalekwalen da aka tono a Afirka. An kai shi Damaturu an ajiye.

Ƴan'uwa masu haƙar rijiya a Manga da bakin Komadugu, in kun ci karo da tsohon icce, ƙashin kifi ko tukunya can ƙasa, kada ku fasa. Ku rufe wurin, ku sanar da bulama ko malamin makaranta.